Sun ce allurar ta warkar da ɓera, to Yayana fa?

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Da nauyin zuciya nake rubuto wannan. Yayana, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Baba, wata uku ke nan yana kwance. Cikinsa ne ya fara kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, muka ɗauka shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Da aka yi eko, wato hoton ciki, da awon jini sai likita ya ja ni gefe ya ce ƙari ne a hanta, kansa ce, kuma ciwon hanta nau'in B ne ya daɗe yana cin sa ba mu sani ba. Shekararsa 44.

Shekaranjiya aka turo mini bidiyo a WhatsApp, wai Turawa sun gano wata allura, siRNA, mai rufe bakin ƙwayar gadon da ke kawo kansa. An nuna ɓera da ƙari a kuiɓi, an sake nuna shi bayan allura ƙarin ya motse. Jiya kuma wani mutum ya same ni a shago a Kasuwar Dole, ya ce yana da hanyar kawo ta daga waje, in ba da jikka 800 kafin alƙalami. Muna da fili a hanyar Miriya, ƙannena sun ce a sayar. Don girman Allah wanda ya san gaskiyar abin nan ya faɗa mini kafin in sa hannu.

Majon Birni:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ƙanena, kada ka ba mutumin nan ko dala. Shekara 19 ina aikin jinya, ban taɓa ganin likita ya rubuta wannan allura ba. Akwai ƴarmu ta Zango a gidan nan da ke karatun irin wannan a waje, a jira ta.

Maman Biyu:
Innalillahi. Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni ma bidiyon ya zo mini, har na tura wa mutum uku.

Ƴar Zango:
Yaya, sannu da jinya. Zan fara da abin da ya fi gaggawa. Har yau ɗin nan babu ƙasar da ta amince da maganin siRNA ko guda ɗaya na kansa. Babu a Faransa, babu a Amurka, babu a Indiya. Wanda ya ce zai kawo maka, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuɗinka yake so. Ka bar filin nan inda yake.

Sai dai bidiyon ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa yake ruɗar mutane. Shekara uku ke nan wannan ne aikina, da hannuna nake yi wa ɓerayen allura. Bari in faɗa yadda abin yake.

Kusan kowace ƙwayar jiki tana da babban littafi a ɗakinta na tsakiya, shi ne ADN. Littafin ba ya fita. In ana son ƙera wani furotin, sai a kwafi shafin da ake buƙata, wato ƙwayar gadonsa, a kan allo, a fito da allon tsakar gida, ma'aikata su karanta su ƙera. Allon nan shi ne ARN ɗan saƙo, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira RNA. A ƙwayar kansa wasu shafuka sun lalace, ana ta kwafo umarni ɗaya: ku hayayyafa, kada ku mutu. Shi siRNA ɗan guntun ARN ne, haruffa 21 zuwa 23 kacal, an rubuta shi daidai da wani layi na allon. In ya shiga ƙwaya, akwai wata na'ura da Allah ya riga ya halitta a ciki, ana ce mata RISC, ita ke ɗaukar sa ta bi alluna tana gwadawa, duk wanda rubutunsa ya dace ta datse shi. Wankin allo ne, ba a taɓa littafin ba. Shi ya sa in ƙarfinsa ya ƙare ƙwaya take sake rubutawa, sai an maimaita allura.

Mushen SVT:
Madalla da misalin allon nan, zan ara in kai wa ɗalibaina. Abin da ke burge ni a tarihin shi ne ba a asibiti ya faro ba. A 1990 wasu masu bincike a Amurka suka so ƙara wa furen fetuniya duhun launi, suka ƙara masa ƙwayar gadon launin, sai furanni suka fito farare, wasu dabbare-dabbare. Aka rasa dalili. Sai a 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka warware ƙullin a jikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba: ARN mai igiya biyu ne ke sa ƙwaya ta yi shiru da ƙwayar gadon da ta yi kama da shi. A 2001 ƙungiyar Thomas Tuschl a Jamus ta nuna guntu mai haruffa 21 yana wannan aiki a ƙwayoyin mutum da ake reno a kwano. A 2006 aka ba Fire da Mello kyautar Nobel. To ƴata, tunda an san layin da za a wanke, an kuma iya rubuta guntun, me ya tsayar da abin duk shekarun nan?

Ƴar Zango:
Mushe, ɗan aike ne ya tsayar da shi. Rubuta guntun ba wuya, yau sai ka aika wa kamfani haruffan su haɗo maka cikin ƴan kwanaki. A kwano ma ba wuya, ka zuba shi a kan ƙwayoyin kansa da ɗan maiƙon da ke shigar da shi, bayan kwana biyu ka auna ka tarar saƙon ya kusa ɓacewa. Jiki mai rai ne daban.

In ka zuba shi tsirara a jijiya, jini yana da sinadarai masu yayyanka ARN, cikin mintuna sun hau cin sa. Wanda ya tsira ƙanƙane ne ƙwarai, ƙoda ta tace shi ya bi fitsari. Wanda ya kai bakin ƙwaya ba ya iya ratsa fatarta, don cajinsu iri ɗaya ne, tunkuɗe juna suke yi. Saboda haka dole a yi masa ƙunshi. Wanda aka fi amfani da shi wani ɗan ƙwallon maiƙo ne, faɗinsa wajen nanomita 80 zuwa 100, sai ka jera kusan dubu kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Danginsa ne aka ƙunshe rigakafin korona na Pfizer da Moderna a ciki.

Ƙunshin ya raba mu da yanka da fitsari, sai ya haɗa mu da hanta. Yana shiga jini wani furotin mai suna ApoE yake manne masa, hanta kuwa aikinta ke nan, karɓar duk maiƙon da ke ɗauke da wannan tambari. Ga jijiyoyinta da ƴan ƙofofi a buɗe, ga ƙwayoyin tsaro masu haɗiye baƙon abu a cikinta da cikin saifa. Kamar ka ɗora kaya zuwa Tanut, amma kowace mota sai ta juye a tashar Damagaram.

Ba zan manta ranar da na fara gani da idona ba. Ɓeran nauyinsa bai wuce giram 25 ba. Ana sa shi a wani ɗan bututu, wutsiya a waje, a ɗumama ta har jijiyoyin gefe biyu su taso. Ruwan allurar ɗigo uku ne ko huɗu. In ka dace da jijiya za ka ga ta yi fari tana hawa sama, in ka kuskure wurin ya kumbura nan take. Mun sa wa ƙunshin rini mai haske. Washegari aka sa ɓeran barci, muka shigar da shi akwatin hoto mai duhu. Hanta ta kama kamar fitilar mota, saifa na biye da ita. Ƙarin da ke kuiɓinsa kuwa sai da aka ƙara wa na'ura ƙarfi kafin muka hango ɗan ƙyalli a gefensa. Wata huɗu na yi ina haɗa ƙunshin nan. Na fita na zauna a matakala cikin sanyi, na daɗe ban koma ciki ba.

Ba ni kaɗai ba ce. A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto ta tattara binciken shekara goma da aka yi a dabbobin gwaji, ta lissafa cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne na irin waɗannan ƙananan ƙunshi ke isa ƙari. Bakwai cikin dubu. Kuma isa ƙofar gida ba shiga ɗaki ba ne. Ƙwaya tana haɗiye ƙunshin cikin wata ƴar jaka, jakar kuma inda ake narkar da shara ta nufa, sai ya fasa ta kafin a kai can. Wani bincike na 2013 ya ƙirga, ya ga kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na guntun ne ke kuɓuta daga jakar.

Ɗalibin Likita:
Anti, na buga lissafi. Bakwai cikin dubu, a ɗauki biyu cikin ɗari na wannan, saura 14 cikin 100,000. Ai wannan zuba ruwa a rairayi ne. Me ya sa ba a haƙura ba?

Ƴar Zango:
Ƙanena, lissafinka daidai ne, sai dai binciken biyu ba a kan ƙunshi ɗaya aka yi su ba, kada ka ɗauki adadin kamar awon sikeli. Abin da ya hana a haƙura shi ne na'urar nan ba ta yar da guntun bayan yanka ɗaya. Ta datse wannan allo ta wuce na gaba, haka za ta yi ta yi kwana da kwanaki. Kaɗan in ya shiga yana aiki mai yawa. Akwai dai lokacin da manyan kamfanoni suka karaya, Roche ta janye daga fagen a 2010. Waɗanda suka daure sai suka ce tunda kowace mota a hanta take juyewa, bari mu nemi cututtukan da tushensu a hanta yake.

Mai Farmasi:
A nan zan shigo, don wannan ɓangaren na karanta shi. Na farko da aka amince da shi shi ne patisiran na kamfanin Alnylam, a Amurka, watan Agusta 2018, shekara ashirin cif bayan aikin tsutsar da Mushe ya ambata. Na wata cutar gado ce inda hanta ke ƙera gurɓataccen furotin yana taruwa a jijiyoyi. Ƙarin ruwa ake yi duk mako uku, kuma kafin a sa sai an ba mutum magungunan kwantar da garkuwar jiki. Farashin da aka sa masa a lokacin dalar Amurka 450,000 a shekara, sama da miliyan 200 na sefa. Daga baya aka samo dabarar liƙa wa guntun wani nau'in sukari da ƙwayoyin hanta ke cafkewa, babu ƙwallon maiƙo, allura ce a ƙarƙashin fata. Da ita aka yi givosiran a 2019, da inclisiran na rage kitsen jini wanda bayan alluran farko sau biyu ake yin sa a shekara. Duk hanta suka nufa, kuma babu na kansa a ciki. Ɗan'uwa, maganin da ke cin miliyan ɗaruruwa ne wani zai kawo maka shago a jikka 800?

Ɗan Garin Malam:
Ku dakata don Allah. Tun ɗazu kuna cewa duk abin hanta yake tafiya. Ai Yayana a hanta ciwonsa yake! Ba shi ne ya fi kowa dacewa da shi ba?

Ƴar Zango:
Yaya, wallahi tambayar da masu binciken suka yi wa kansu ke nan, kuma sun gwada. Kamfanin nan na Alnylam ya haɗa wani mai suna ALN-VSP, guntu biyu a ƙunshi ɗaya, ɗaya na hana ƙari shimfiɗa sababbin jijiyoyi, ɗaya na hana ƙwaya rabuwa biyu. A dabbobi ya yi kyau. Aka gwada a mutane masu kansar da ta taɓa hanta, sakamakon ya fito a 2013. An ga alamar guntun ya isa, wasu ciwonsu ya tsaya na ɗan lokaci, mace ɗaya ma ƙarin da ya bazu zuwa hantarta ya ɓace. Duk da haka bai zama maganin da ake sayarwa ba. Wani da aka nufi ƙwayar gado mai suna PLK1 da shi an gwada shi a masu kansar hanta kanta, bai ba da abin da aka sa rai ba.

Dalili shi ne lafiyayyar hanta ce ke karɓar saƙon, ba ƙarin da ke cikinta ba. Ƙwayoyin kansa sau da yawa sun rage ƙofar nan mai cafke sukarin. Hantar da ciwon B ya daɗe yana ci kuma ta yi tabo ta taurare, ƴan ƙofofin jijiyoyinta sun toshe. Sannan cikin ƙari a matse yake, ruwan cikinsa waje yake turowa. Duk wanda ya taɓa raba dare a Zango yana jiran famfo ya san abin da nake nufi: gidajen gangare su cika randa, na kan tudu ko ɗigo. Tsakiyar ƙari shi ne kan tudun. A cututtukan da Mai Farmasi ya lissafa, furotin ɗaya ake son ragewa, in aka rage yawancinsa mutum ya samu sauƙi. A kansa shafukan da suka lalace da yawa ne, kuma ƙwayoyin da saƙon bai isa gare su ba su ne za su sake cika wurin.

Ban so in faɗa maka wannan ba, amma gara ka ji daga bakin ƴar'uwarka.

Likitan Dabbobi:
Bari in ƙara a kan maganar ɓera, tunda da dabbobi nake wuni. Ko tsakanin dabba da dabba magani ba ya tafiya daidai. Farasitamol da muke sha kamar ba komai ba, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Ɓerayen irin wannan gwaji galibi marasa gashi ne da aka haifa ba su da cikakkiyar garkuwar jiki, don kada jikinsu ya kori ƙwayoyin mutum da za a dasa musu. A ƙarƙashin fata ake dasawa, cikin mako biyu ko uku ƙari ya taso, ana auna shi da ɗan ma'aunin ƙarfe. Ƙarin da ya girma da irin wannan gaggawa jijiyoyinsa a yage suke, suna yoyo, ƙunshi yana samun wurin kutsawa. Tun 1986 Matsumura da Maeda a Japan suka bayyana wannan yoyo, aka gina fata mai yawa a kansa, sai aka tarar a jikin mutum ba kullum haka yake ba. Ga ɓerayen sa'o'in juna ne, jininsu ɗaya, abincinsu ɗaya. Yayanmu kuwa shekara 44, hanta mai tabo, ƙarin da ya yi shekaru yana girma a ɓoye. Ina aka haɗu?

Ƴar Zango:
Gaskiya ka faɗa, Dokta. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin dasa ƙarin a cikin ainihin gaɓar, ko a ɗauko yanki daga jikin majinyaci a dasa, ko a yi amfani da ɓera mai cikakkiyar garkuwa. Ya fi wuya, ya fi tsada, sakamakon ba ya yin kyan na bidiyo, amma ya fi kusa da gaskiya.

Akwai wani tarko kuma da na faɗa ciki da kaina. A kowane gwaji muna ware rukunin da ake yi wa allurar guntun da aka hargitsa haruffansa, wanda bai dace da kowane allo ba. Wani zagaye na ga ƙari yana raguwa a rukunin maganin, na kira Inna a waya ina murna. Da na auna na masu hargitsattsen guntu, su ma ya ragu. Ashe garkuwar ɓeran ce ta ɗauki ARN ɗin a matsayin ƙwayar cuta ta tashi, ba wankin allo ba ne. An san da wannan, a 2008 ƙungiyar Jayakrishna Ambati ta nuna a idon ɓeraye cewa guntu ko wane iri ne yana hana jijiyoyi tsirowa ta wannan hanya. In aka nuna muku ɓera ɗaya kafin allura da bayanta, ku tambaya ina ɗan'uwansa da aka yi wa ta bogi.

Tashin garkuwar nan ba wasa ba ne. A 2016 an dakatar da gwajin wani magani ɗan dangin wannan, MRX34, bayan garkuwar wasu majinyata ta yi mummunan tashi har aka rasa rayuka. Shi ma ya bi ta dabbobi kafin ya kai ga mutane.

Malam Na Zaure:
Allah ya ba mara lafiya sauƙi. Ƴata, ina bin bayaninki tun farko, wani abu ya tsaya mini a rai. Halittar Allah ce ake dasa wa ciwo da gangan. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Malamai sun yi sassauci inda akwai lalurar ceton rai, amma da sharaɗin kada a azabtar, kada a wuce buƙata. Ana kiyaye wannan a wurinku?

Ƴar Zango:
Allah ya gafarta Malam, abin yana damuna ni ma, kuma ina roƙon Allah kada ya daina damuna. Ba a taɓa ɓera ko ɗaya sai kwamiti ya duba takardar aikin ya amince, har adadin da za a yi amfani da shi. Ƙa'idar tun 1959 take, daga wasu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch: in akwai abin da zai maye gurbin dabba a yi da shi, in babu a rage yawansu, waɗanda aka ɗauka kuma a sauƙaƙa musu wahala. Kullum muna duba su, muna auna nauyinsu. Akwai girman da ba a yarda ƙari ya wuce ba. In ɓera ya rame ko ya daina gyara jikinsa, a ranar ake kawo ƙarshen wahalarsa ko da aikin bai kammala ba. Ban ce hakan ya wanke komai ba. Amma inda ƙunshi ke tafiya a jiki, hanta ko saifa ko ƙoda, kwano ba ya iya nuna mana, kuma ba zan so a fara ganowa a jikin Yayan wani ba.

Malam Na Zaure:
To, Allah ya sa niyya ta tsarkaka, ya yi wa aikin albarka.

Majon Birni:
Ni fa zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. Duk bayanin nan na ji, na kuma ƙaru. Amma mu nan me ya shafe mu? Sai 2021 aka buɗe wurin gashin kansa na farko a duk faɗin Nijar, a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Mutanenmu ba sa zuwa sai ciki ya cika da ruwa. Ciwon hanta B yana da rigakafi, yana da awon da ba ya cin rabin awa, yana da ƙwayar tenofobir mai danne shi. Gyaɗa da masara da aka adana da danshi suna yin funfuna mai dafin aflatoksin, ta haɗu da ciwon B ta ninka haɗarin kansa, kuma gyaɗar da aka tsince aka ware ita ce wasu ke sayowa da araha a yi ƙuli-ƙuli. Waɗannan ne ke kashe mana maza masu shekara arba'in. Ga yarinya mai ƙwaƙwalwa irin wannan tana can tana ɗumama wutsiyar ɓera saboda maganin miliyan 200. Ba da ke nake ba, ƴata, da yadda duniyar take nake.

Ɗalibin Likita:
Majo, ai ba a hana wani nema don wani na jin yunwa. Tenofobir ɗin ma da tsada ya fara kafin ya zo hannunmu.

Majon Birni:
Ya zo, bayan an binne mutum nawa? Yaro, ka yi dare goma a ɗakin masu ciwon ciki sannan mu yi wannan magana.

Ƴar Zango:
Baba Majo, ban ji haushi ba. In aka ba ni zaɓi yau tsakanin aikina da a yi wa kowane jariri a Damagaram rigakafin B ranar haihuwa, rigakafin zan zaɓa, ba sai na yi shawara da kowa ba. Amma abu biyu nake so ka duba.

Ƙwayar cutar B a cikin ƙwayoyin hanta take zaune tana rubuta nata allunan, wato daidai inda motar nan ke juyewa. Yanzu haka akwai magungunan siRNA da ake gwadawa a jikin mutane masu ciwon B, kuma an ga suna rage furotin ɗin cutar a jini sosai. Ba a kai ga cewa suna warkarwa ba, ana kan gwada su tare da wasu magunguna. In wannan fage zai taɓa amfanar mu, ina ganin ta nan zai fara, ta tare kansa tun kafin ta tsiro.

Na biyun ya fi ci mini rai. Ƙwayoyin kansar hanta da muke dasa wa ɓeraye a inda nake, ɗaya daga jikin wani yaro Ba'amurke aka samo ta, ɗaya daga wani mutumin Japan. Alhali dafin aflatoksin yana barin tabonsa na musamman a ƙwayar gadon TP53, a gurbi na 249, an fi ganin sa a Afirka kudu da Sahara da wasu sassan Sin. Ranar da na tayar da maganar a taronmu, na ga ba wanda ya taɓa sa ta a lissafin aikinsa. Ba mugunta ba ce, ba Yayansu ba ne ke kwance. In babu namu a bakin teburin, wa zai tambaya ko ƙunshin yana ratsa hanta irin tamu?

Akwai kuma masu neman kauce wa tashar hanta gaba ɗaya. Wani kamfani a Isra'ila ya yi ɗan ƙanƙanen abu kamar ƙwayar shinkafa da ake dasawa cikin ƙarin fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi, yana narkewa a hankali yana sakin guntun watanni. A 2017 ƙungiyar Raghu Kalluri a Teksas ta ɗora guntun a ƴan jakunkunan da ƙwayoyin jiki da kansu ke fitarwa, masu tambarin da ke hana ƙwayoyin tsaro haɗiye su, ɓeraye masu kansar fankiriyas suka ƙara tsawon rai. Dukansu KRAS suka nufa, ƙwayar gadon da ke lalace a sama da kashi 90 cikin 100 na wannan kansa. An shiga gwajin mutane da su. Gwaji ne, ba a sayar da su.

Majon Birni:
Na ji. Ban sauka daga maganata ba, amma ta ciwon B ɗin nan ta shige ni. In kin gama ki dawo gida, ko labo ɗin babu kuran kullum.

Maman Biyu:
Na bi mutum ukun da na tura wa bidiyon na ce su goge. Ɗaya ta ce mijinta ma yana da B ɗin, shekara biyu bai koma awo ba.

Majon Birni:
Ki ce ya koma makon nan. Mai B ana so a riƙa duba hantarsa da eko duk wata shida in likita ya ga yana cikin masu haɗari, don ƙarin da aka kama yana ƙarami ana iya yi masa aiki.

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri kwana biyu ban leƙo ba, jikin Yaya ya matsa. Mutumin ya dawo shago, na ce ya faɗa mini sunan maganin da ƙasar da ta amince da shi, ya ce zai je ya tambayo, har yanzu shiru. Filin yana nan. Na koma wurin likita na roƙe shi ya faɗa mini gaskiya, ya ce ƙarin ya wuce aiki, abin da ya rage a rage masa zafi a zuƙe ruwan cikin in ya taru. Jiya an zuƙe, ya samu barci, da safe har ya sha kunu. Na karanta masa bayanin allon nan, ya saurara har ƙarshe, ya ce a gaida ƴar Zango.

Mu bakwai muka je awon B. Biyu sun fito da shi, ƙanena da matar Yaya, ita kuma tana da ciki wata bakwai. Baba Majo, me za mu yi game da jaririn?

Ƴar Zango:
Ina amsawa, Yaya. Ka ce masa ina yi masa addu'a a kowace salla.

Majon Birni:
Abu biyu ne. A auna yawan ƙwayar cutar a jininta yanzu, in ta yi yawa likita zai ɗora ta a kan tenofobir har ta haihu. Jaririn kuma a yi masa allurar B cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira suna, kada a jira arba'in, sannan ya bi sauran rigakafinsa. Don haka a asibiti za ta haihu, kuma tun yanzu za mu tabbatar allurar tana ajiye a firijo. Ƙanenka shi ma akwai awon da za a ƙara masa. Ka zo da su biyun gobe da katin awon cikinta, ƙarfe takwas ina nan.